Wa Ke Leƙa Bayan Kanta a Ƙasar Haɗejiya?

Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci a caji ofis ya san inda iyakarsa take. Ga doguwar kanta, ga ɗan sanda zaune a bayanta da ƙaton littafi a gabansa. Za a buɗe kwanon, a sa wanda ya kawo ya kai loma ɗaya bakinsa a gaban kowa, sannan a karɓa a miƙa ciki. A gefe an tara takalma da bel da huluna da wayoyin waɗanda aka rufe, domin ba a shiga da su. A wasu ofisoshin akwai allo a bango, ana rubuta yawan waɗanda suka kwana a ciki da alli. Daga nan idon mai kawo abinci ya ƙare. Mutum nawa ne a ɗakin, akwai ruwan sha ko babu, akwai wanda zazzaɓi ya kwantar tun shekaranjiya, an haɗa yaro ɗan shekara 14 da manya, duk wannan sai dai abin da aka gaya masa.

Wannan 'yar tazara daga kanta zuwa ƙofar ƙarfe ita ce inda talaka ya fi rashin gata a gaban hukuma. Bai ga alƙali ba tukuna, ba a tabbatar masa da laifi ba, wani lokaci ma danginsa ba su san inda ya kwana ba. Amma abin da ya same shi a kwana ɗaya ko biyun farko shi ke bin shari'arsa har ƙarshe. A nan ake rubuta jawabinsa, a nan ake amsa laifi, da son rai ko da dole, a nan kuma ake cinikin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne. To wa ke da ikon ya tsallake kantar nan ya gani da idonsa, alhali shi ba ɗan sanda ba ne, kuma ba a san da zuwansa ba balle a share masa wuri?

A ƙasar Haɗejiya wannan tambaya tana da nauyi na daban, saboda yanayin ƙasar. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Ruwan da ya baro madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano a nan yake bajewa, ya rarrabu ya zama fadamu da tafkuna har zuwa Nguru. Manomin shinkafa da alkama da barkono, da masunci, da makiyayin da ke gangarowa da shanunsa idan ruwa ya janye, duk wuri ɗaya suke nema, kuma a lokaci ɗaya. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ta ƙara matse filin da ake ja-in-ja a kansa. Shi ya sa da zarar kaka ta kama, musamman wajen Guri da Kiri Kasamma da Birniwa, ba a cika rasa rigimar ɓarnar gona ko ta cinye burtali ba, wani lokaci har da jini da asarar rai. Bayan kowace rigima irin wannan kuwa sai kame ya biyo.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa wannan kame lokaci. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, matuƙar akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace gwargwadon hali. Laifuffuka masu hukuncin kisa ne aka keɓe daga wannan ƙa'ida. Sashen ya ƙara da cewa a sanar da mutum dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma in aka tsare shi ba bisa doka ba, haƙƙinsa ne a biya shi diyya a kuma nemi afuwarsa a bainar jama'a.

Sai dai wanda ya san fadama ya san yadda kilomita 40 ke miƙewa da damina. A ambaliyar 2022 ruwa ya yanke hanyoyi a sassan masarautar, garuruwa da dama sai da kwale-kwale ake isa. Ko ba ambaliya ma, a ɗauki mutumin da aka rufe a ƙaramin ofishin ƙauye ranar Juma'a da la'asar. Kotu ba ta zama Asabar da Lahadi, motar sintiri ba mai, ɗan sandan da ke binciken maganar an tura shi wani aikin. Kwana ɗaya ya koma huɗu ba tare da wani ya ƙudurta zalunci ba. In kuwa akwai mai niyyar zaluncin, to ya samu uzuri a ɓagas.

Ba ƙarancin doka ke damun Nijeriya a wannan fanni ba. A 2015 aka kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, Jihar Jigawa ta yi tata a 2019. A 2017 aka sa hannu kan dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke hannunsa azaba, ta kuma ba wanda aka tsare damar likitan da ya zaɓa ya duba shi. A watan Satumban 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda, kuma ita ta fi shafar wannan magana, domin tana aiki a kan kowane ofishin 'yan sanda a ƙasar nan, daga na Abuja har na ƙauyen da ke bakin iyakar Yobe. Ta haramta kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uba ko mata don ɗa ko miji ya fito. Ta haramta kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta wajabta a sanar da dangi ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Har ta ce kowane babban ofishin yanki a samar masa ɗan sanda wanda lauya ne, aikinsa ya sa ido kan kiyaye haƙƙin mutane.

Akwai kuma tanadin da ya fi kusa da abin da ake nema. Dokar ta ce a ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata, shugaban ofis ya aika wa majistare mafi kusa jerin duk waɗanda aka kama ba tare da sammaci ba. Shi kuma babban majistare, ko wanda babban jojin jiha ya wakilta, ya tashi da ƙafarsa aƙalla sau ɗaya a wata ya je ofisoshin 'yan sandan da ke yankinsa. In ya je yana da ikon ya ce a kawo littafin kame, ya ba da umarnin a gurfanar da wanda aka jinkirta, ya ba da beli nan take a laifin da ke cikin huruminsa. Tun a watan Yunin 2018 babban jojin ƙasa na lokacin, Walter Onnoghen, ya umarci manyan jojin jihohi su sa majistarori su riƙa wannan zagaye.

Malamin zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, abin da aka ce sabon alƙali ya fara dubawa in ya hau kujera shi ne sha'anin waɗanda ke tsare, kafin ma dukiyar marayu. Tun kafin nan, Alƙali Abu Yusuf a Kitabul Haraj ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ciyar da 'yan kurkuku a tufatar da su daga baitulmali, a hana dukansu fiye da ƙima, gwamnoni kuma su riƙa duba maganarsu a kai a kai, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sallame shi. Saboda haka duk wanda ya ce leƙa bayan kanta ra'ayin Turawa ne da ƙungiyoyin waje, bai koma wa littattafan gidansu ba.

Ziyarar majistare tana da amfani ƙwarai, kuma inda ake yinta da gaske ana sakin mutanen da ba su da dalilin kwana. Amma wa'adin da tsarin mulki ya bayar kwana ɗaya ne ko biyu, ziyarar kuwa sau ɗaya ce a kwana 30. Wanda aka rufe ranar 3 ga wata aka sake shi ranar 12 bayan danginsa sun sayar da akuya, majistare ba zai taɓa ganin fuskarsa ba, in ma sunansa ya shiga littafi ke nan. Ga shi majistare mutum ɗaya ne da tulin shari'o'i a gabansa, kuma da wuya motarsa ta kama hanyar wani ofis labari bai riga shi isa ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma doka ta ba ta ikon shiga ɗakunan tsare mutane. Ofishinta na jiha yana Dutse, jihar kuwa ƙananan hukumomi 27 gare ta.

Abin da ke faruwa idan babu mai leƙawa, 'yan Arewa sun gan shi a wayoyinsu ranar 1 ga Nuwamban 2024. An gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wadda ita ce ta sa har Jigawa aka kafa dokar hana fita. Cikinsu akwai yara da dama, a rame, ƙasusuwa a waje, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Hoton ya zaga duniya, cikin 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Dokokin da aka lissafa a sama duk suna nan a waɗannan watanni uku. Abin da ya canza ranar nan shi ne jama'a sun gani. Da wani daga waje yana shiga inda suke tun makon farko, da ba a kai ga haka ba.

Kafin wannan, a watan Yunin 2020, ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton aƙalla mutum 82 da rundunar 'yan sanda ta SARS ta azabtar, ta wulaƙanta ko ta kashe tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, kusan duka bayan dokar hana azabtarwa ta zo ko tana dab da zuwa. Wata huɗu bayan rahoton zanga-zanga ta ɓarke, aka rushe rundunar ranar 11 ga Oktoba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ziyartar wuraren tsare mutane tun 2009, amma da ƙwararrun majalisar suka zo a watan Satumban 2024, sun koma suna kukan rashin haɗin kai da wahalar samun shiga wasu wuraren. In baƙo mai takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha wuya a bakin ƙofa, ina ga tsohuwar da ta taho daga ƙauye neman jikanta?

Ingila ta bi wata hanya da ya kamata a duba. A watan Afrilun 1981 tarzoma ta tashi a unguwar Brixton da ke Landan, inda baƙaƙen fata suka daɗe suna kukan cin zalin 'yan sanda. Alƙalin da aka ɗora wa bincike, Lord Scarman, cikin shawarwarinsa ya ce a bar mutanen gari su riƙa shiga ofisoshin 'yan sanda suna duba waɗanda ke tsare. Aka fara a matsayin gwaji, sannan dokar gyaran aikin 'yan sanda ta 2002 ta mayar da shi wajibi. Masu ziyarar 'yan sa-kai ne, ba albashi, sai kuɗin mota. Bibbiyu suke tafiya, ba sa faɗin ranar zuwa, suna iya bayyana da tsakar dare, kuma dole a buɗe musu ba jinkiri sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Suna magana da wanda ke tsare in ya yarda, ɗan sanda na hango su amma ba ya jin abin da ake faɗi. Ɗan sandan da ke bakin aiki ba ya shiga cikinsu, haka ma majistare.

Babban sirrin tsarin shi ne abin da masu ziyarar ba sa yi. Ba sa tambayar mutum ko ya aikata laifin. Ba sa roƙa masa saki, ba sa kai saƙo tsakaninsa da mai ƙara. Tambayoyinsu kaɗan ne, kuma kullum su ne: yaushe aka kawo ka, an gaya maka dalili, an sanar da danginka, ka ci abinci, kana shan wani magani, wani ya taɓa lafiyarka? Su duba ɗaki da banɗaki, su gwada abin da suka ji da abin da ke cikin littafi, su rubuta rahoto kafin su fita, a aika wa hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan yankin. Wannan ƙanƙantar aikin ita ta sa ɗan sanda ba shi da hujjar cewa ana yi masa katsalandan a bincike.

A nan gida ma an taɓa gwada makamancinsa. Gidauniyar CLEEN, wadda marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a Legas a 1998, ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na makon ziyartar ofisoshin 'yan sanda da aka fara a ƙasashe da dama a 2006. Talakawan gari ne ke shiga da takarda mai tambaya 20, suna ba ofis maki kan tarbar jama'a, tsabtar wuri, daidaita kowa da kowa, fayyace aiki da halin ɗakin tsarewa. Ya buɗe ƙofofi da yawa, sai dai sau ɗaya ne a shekara, kuma an san ranar. Wani gwajin kuma ya fi shiga jiki: shirin ajiye lauyoyi a ofisoshin 'yan sanda, wanda hukumar ba da agajin lauya kyauta ta fara a jihohin Imo, Kaduna, Ondo da Sakkwato da taimakon matasan lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, daga baya rundunar 'yan sanda ta amince da shi a cikin umarninta mai lamba 20. Shiri ne mai kyau inda lauyoyi suke. Amma lauyoyi a birane suke taruwa, ba a Guri ko Birniwa ba.

Wani zai ce ai akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, wanda aka kafa tun 1984, kuma da wuya a rasa reshensa a babban ofis. Gaskiya ne, kuma dattawan da ke ciki suna ƙoƙari. Su ke sasanta rigima, su ke tara gudummawar gyaran mota ko fentin ofis, su ke kai wa DPO, wato shugaban ofis, labarin ɓata-gari. Amma aikin nasu abota ce da ofis, kuma abota ake buƙata a wurin. Wanda ya saya wa motar sintiri taya jiya, nauyi ba zai bar shi ya zo yau ƙarfe biyun dare ya ce a buɗe masa ɗaki ya ƙirga mutane ba. Haka kwamitocin tsaron al'umma da dokar 2020 ta kawo, an gina su ne don taimaka wa 'yan sanda hana laifi. Sa ido kan bayan kanta wani aiki ne daban, yana son mutanen da ba su da wata hulɗa da ofis sai wannan.

Tsofaffin Haɗejiya sun ga wani zamani da tsarewa ke hannun gida. A ƙarƙashin En'e, dogarai da 'yan doka da gidan yari duk na masarauta ne, ɗan doka ɗan gari ne da aka san gidansu. Ba zamanin da za a yi kewa ba ne ta wannan fuska, 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka a faɗin Arewa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya, ta karɓe gidajen yari. An rabu da wata matsala, amma tun daga lokacin ɗan sandan da ke riƙe da makulli yana amsa umarni ne daga nesa, yau daga Dutse da Abuja, kuma ana iya ɗauke shi gobe a kawo wanda bai taɓa jin sunan garin ba. Mutanen gari ba su da wata ƙofa ta doka da za su shiga su duba nasu.

Akwai dai wata 'yar kafa a dokar 2020 da ba a cika magana a kanta ba. Ta ce ana iya ɗaukar jawabin wanda ake zargi a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar agajin lauya, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko duk wani mutum da ya zaɓa. In ba ya jin Turanci a samo tafinta, a rubuta a karanta masa. Wato doka da kanta ta yarda wanda ba jami'i ba ya zauna a ɗakin da ake yin abin da ya fi komai hatsari ga wanda aka kama. Wanda aka yarda ya shaida jawabi, me zai hana a yarda ya duba inda mai jawabin ya kwana?

Ga yadda abin zai iya kasancewa a ƙasar Haɗejiya. Wani dare bayan sallar isha, malamin makaranta mai ritaya da wata ma'aikaciyar jinya su tsaya a bakin kanta, kowa da katin shaida mai sa hannun babban jojin jiha da kwamishinan 'yan sanda. Su gaisa da mai tsaron kanta, su nemi littafi. Littafi ya ce mutum bakwai, su shiga su ƙirga. In suka samu takwas, na takwas ɗin shi ne dalilin zuwansu. Su tambayi kowa ranar da aka kawo shi. Ma'aikaciyar jinyar ta dubi wuyan hannu da bayan wanda ya ce an doke shi, ta tambayi mai ciwon suga ko mai farfaɗiya ina maganinsa. Su rubuta abin da suka gani a takarda mai kwafi uku, ɗaya ga DPO, ɗaya ga babban majistare, ɗaya ga hukumar kare haƙƙi. Rabin awa ya isa. Majistare in ya zo zagayensa na wata, ya zo da rahotanni huɗu a hannu, ya san ɗakin da zai fara buɗewa.

Zaɓen mutanen shi ne inda abin zai gyaru ko ya lalace. Ƙasar nan ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, akwai Fulani da Mangawa da Badawa. Matashin makiyayi da aka kamo daga ruga, Hausarsa ta kasuwa ce, danginsa sun yi gaba da shanu, shi ne ya fi kowa saurin ɓacewa a cikin littafi, kuma ba zai buɗe baki ba sai ga mai jin Fulatanci. Mace da aka tsare ba za ta gaya wa namiji baƙo abin da ke damunta ba, don haka tawagar da ba mace a ciki rabin aiki za ta yi. Bulamai da ardo-ardo da limamai da ƙungiyoyin masunta da na mata za su iya ba da sunaye, amma mai riƙe da muƙamin jam'iyya, da ɗan kwangilar ofis, da mai shari'a a gaban 'yan sanda, a bar su a waje. Kada DPO ya zaɓi masu duba shi, kada kuma shugaban ƙaramar hukuma ya mayar da abin wurin sallamar yaransa. A sa wa'adi, a riƙa sauyawa, domin wanda ya shekara biyar yana zuwa ofis ɗaya ya zama ɗan gida.

Dole kuma jama'a su ji tasu gaskiyar. Da yawa daga waɗanda ke kwana a bayan kanta ba ɗan sanda ne ya fita nemansu ba, maƙwabci ne ya kai su. Wanda ya ba da bashin taki ko irin shinkafa aka kasa biya bayan ruwa ya cinye gona, wanda ke neman a mayar masa da kayan aure, wanda aka yi wa rashin kunya a kasuwa, sai ya nufi caji ofis, ya ba da na mai, ya ce a rufe masa wane ya ji a jikinsa. In aka ba da beli washegari, shi ne na farko da zai ce an ci kuɗi. Dokar ta hana wannan ƙarara, kuma irin waɗannan maganganu wurinsu zauren sulhu ne ko kotu. Mai ziyara daga cikin gari ya fi kowa gane irin wannan tsarewa, domin ya san mai bashin, ya san wanda ake bi, ya san gonar da ruwa ya ci.

'Yan sanda ma suna da riba a ciki, in za a dube shi da idon basira. Ƙaramin jami'in da ke ciyar da wanda aka tsare daga aljihunsa saboda ba a turo kuɗin abinci ba, ba shi da inda zai kai kuka ba tare da an ce ya yi wa manya tsaurin ido ba. Rahoton mutanen gari zai faɗi abin da shi ba zai iya faɗa ba: ɗakin nan ba taga, rijiyar ofis ta ƙafe, babu ɗakin mata, babu na yara. Ranar da wani ya rasu a tsare kuma gari ya ɗauki zafi, matasa suka nufo ofis da duwatsu, shaidar dattijon da ya ga mutumin da rai da lafiya ko da ciwonsa daren jiya ta fi sanarwar kakakin runduna tasiri. Gidajen gyaran hali su ma za su samu sauƙi. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke cikinsu a Nijeriya jiran shari'a suke, kuma akasarinsu ta bayan kanta suka bi.

Ba 'yan sanda kaɗai ke rufe mutane ba. Sibil difens na tsarewa, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi na tsarewa, 'yan sintirin unguwa ma wani lokaci sukan kwana da wanda suka kama kafin su miƙa shi. Tsarin da aka fara da caji ofis, in ya kafu, zai iya kaiwa can.

Mutanen da za su yi aikin suna nan. Waɗanda suka ga yadda matasan Haɗejiya suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga don kada ruwa ya ci gari, ba wanda ya biya su, ba za su yi shakkar a samu mutum goma sha biyu a kowace ƙaramar hukuma da za su ba da dare ɗaya a wata ba. Kuɗin da ake buƙata bai wuce na horo da katin shaida da takardu da na mota ba. Ba sai an jira Abuja ba: yarjejeniya tsakanin babban jojin Jigawa da kwamishinan 'yan sanda ta isa a fara gwaji a ofis biyu ko uku, majalisar dokokin jiha kuma ta ba shi gindin zama a doka daga baya. Kira ne ga Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, da Gwamna Umar Namadi, wanda shi ma ɗan masarautar ne daga Kafin Hausa, da 'yan majalisar yankin, su ɗauki maganar nan su zaunar da ɓangarorin kafin kaka mai zuwa, lokacin da ɗakunan ke cika. Kafin nan, duk wanda aka kama masa ɗan'uwa ya rubuta rana da lokacin da aka kama shi, ya nemi a gaya masa laifin, in wa'adi ya wuce ba a kai shi kotu ba ya kai maganar gaban majistare mafi kusa.